Kano a Zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023: Ina Ƙuri'un Buhari Suka Tafi?

Ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023 jihar Kano ta yi abin da babu wata jiha a Najeriya da ta yi irinsa. Bola Ahmed Tinubu na APC ya ci jihohi 12, Atiku Abubakar na PDP ya ci 12, Peter Obi na jam'iyyar Labour ya ci 11 da Abuja. Jiha ɗaya ta rage, ita ce Kano, ita kuma ta bai wa tsohon gwamnanta Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP. Hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana cewa Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi kuma 28,513. Kwankwaso ya lashe mafi yawan ƙananan hukumomi 44 na jihar, har da Dawakin Tofa, mahaifar gwamna mai ci a lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. A faɗin ƙasar kuwa ƙuri'unsa 1,496,687 ne, wato kashi biyu cikin uku na abin da ya samu daga Kano ya fito, kuma babu wata jiha bayan Kano da ta ba shi ko da dubu ɗari.

Da sakamakon ya fita, bayanin da ya fi yawo a bakin mutanen wasu jihohi shi ne Kanawa nasu suka zaɓa, shi ke nan. Su kuma Kanawa suka ce ai dama siyasar Kano sai Kano. Maganar farko ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta biyu kuwa ba ta bayyana komai ba. Da zaman ɗan gida kaɗai yana ci wa mutum Kano, da Alhaji Bashir Othman Tofa bai sha kaye a hannun Moshood Abiola a garinsu ba ranar 12 ga Yuni 1993. Da kuma Malam Ibrahim Shekarau, wanda ke kan kujerar gwamna yana cikin shekararsa ta takwas lokacin da ya nemi shugaban ƙasa a ANPP a 2011, bai tashi da ƙuri'a dubu ɗari biyar da 'yan kai ba, alhali Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya kwashi fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a jam'iyyar CPC wadda ba ta ma yi shekara biyu da kafuwa ba. Kano ta sha juya wa 'ya'yanta baya a zaɓen shugaban ƙasa. Don haka dole a nemi dalilin a wani wuri.

Wurin da ya kamata a fara nema shi ne wajen mutumin da sunansa ba ya kan takardar zaɓen. Tun daga 2003 har zuwa 2019, sau biyar a jere, Kano Buhari ta zaɓa, ko a wace jam'iyya ya tsaya: ANPP sau biyu, CPC sau ɗaya, APC sau biyu. A 2015 ta ba shi ƙuri'a 1,903,999, mafi yawa da wata jiha ta ba shi, Goodluck Jonathan ya tsira da 215,779. A 2019, duk da ƙorafin tsadar rayuwa da ya fara yawa, ta sake ba shi 1,464,768, Atiku ya samu 391,593. Shekara goma sha shida mai zaɓe a Kano ba ya buƙatar dogon tunani ranar zaɓen shugaban ƙasa. Rigimar gida yakan bar ta sai ranar zaɓen gwamna. Yana iya zama ɗan Kwankwasiyya, ko mutumin Shekarau, ko na Ganduje, amma a takardar sama Mai Gaskiya yake dangwala wa. Zaɓen 2023 shi ne na farko cikin shekara ashirin da aka cire wannan suna, kuma tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa ya gaji waɗannan ƙuri'u?

Alƙaluma sun ba da amsa a fili. Tsakanin 2019 da 2023 APC ta yi asarar ƙuri'a 947,427 a Kano. PDP ta yi asarar 259,877. Idan aka haɗa, ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne suka bar manyan jam'iyyun biyu. Kwankwaso da Obi tare sun ɗauki miliyan ɗaya da 'yan dubbai, ragowar kusan dubu ɗari da tamanin kuwa ta yi daidai da raguwar da aka samu a yawan masu fitowa. Ko da an ɗauka duk wanda ya bar PDP wajen Kwankwaso ya tafi, har yanzu akwai fiye da dubu ɗari bakwai na ƙuri'unsa da ba su da wata mafita sai daga tulin Buhari. Kenan mafi yawan waɗanda suka dangwala wa kwandon kayan marmari na NNPP a 2023 mutanen da suka dangwala wa tsintsiyar APC ne shekara huɗu kafin nan. Ba APC suke so ba tun farko, Buhari suke so, da ya tafi kuwa kowa ya koma gidansu.

Gidan da ya fi kowanne girma shi ne na masu jar hula, wato Kwankwasiyya, kuma akwai wani abu game da girmansa da ya kamata a tsaya a kai. A zaɓen gwamna na Maris 2019 ɗan takarar Kwankwasiyya, Abba Kabir Yusuf, yana PDP, ya ƙare da ƙuri'a 1,024,713. A Fabrairu 2023 Kwankwaso da kansa ya samu 997,279 a NNPP. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, Abba ya samu 1,019,602. Zaɓe uku, jam'iyya biyu, mutum biyu, kujera iri biyu, amma adadin bai motsa daga kusa da miliyan ɗaya ba. Wannan ba guguwa ba ce irin wadda kan taso ta wuce. Jama'a ce tsayayya da aka daɗe ana tarawa.

Yadda aka tara ta ba ɓoyayye ba ne. Kwankwaso ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2003, Shekarau ya kayar da shi, ya tafi Abuja ya yi ministan tsaro, sannan ya dawo ya sake cin zaɓe a 2011. Zangonsa na biyu shi ne jarin da yake ci har yau. A cikinsa aka kafa Jami'ar Northwest, bayan ta Wudil da ya kafa a zangon farko, aka yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, aka gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, aka buɗe makarantun koyon sana'a, aka aurar da zawarawa. Amma abin da ya fi shiga cikin gidajen mutane shi ne tura ɗalibai ƙasashen waje karatu, yawancinsu 'ya'yan talakawa da ba su da kowa a gwamnati. Duk yaro ɗaya da ya hau jirgi yana da uwa da uba da 'yan'uwa da maƙwabta da suka ga tafiyarsa da dawowarsa. Masu suka suna cewa an bar wa gwamnatin da ta biyo baya bashin kuɗin makarantun, kuma an fi son aikin da ido zai gani a rubuta masa suna a jiki. Sukar tana da nata gurbin. Sai dai ranar zaɓe mutum abin da ya shigo gidansu yake tunawa.

Bayan aiki akwai tsari. Kwankwasiyya tana da mutanenta a mazaɓu 484 na jihar, tana da tufafin da ake gane ta da shi daga nesa, tana da sojojin baka a gidajen rediyon Kano, inda shirye-shiryen siyasa na dare suke da masu saurare fiye da labarai, tana kuma da matasa masu waya a hannu a Facebook da TikTok. Abin da ya fi muhimmanci, ba ta dogara da sunan wata jam'iyya ba. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a ƙarshen 2013, ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani na Legas a Disamba 2014, gaba da Atiku, ya koma PDP a 2018, ya sake fita a Maris 2022 zuwa NNPP, jam'iyyar da Boniface Aniebonam ya kafa tun farkon shekarun 2000 amma kusan babu wanda ya san alamarta a Kano. Cikin wata goma sha ɗaya aka koya wa mutum miliyan ɗaya, da yawansu ba sa karatun boko, su nemo kwandon kayan marmari a cikin jerin jam'iyyu 18. Duk wanda ya taɓa aikin wayar da kan masu zaɓe a ƙauye ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai kuma fushi, wanda a ganina shi ne ya riƙe miliyan ɗin nan wuri ɗaya. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, ya gaje shi a 2015, kafin shekara ta zagayo sun raba gari. A zaɓen gwamna na 2019 Abba yana gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammala ba. Aka sake shi a wasu rumfuna, ciki har da mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa, a ranar da masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da masu zaɓe. Ganduje ya ci da tazarar ƙuri'a 8,982, kotuna har zuwa Kotun Ƙoli suka tabbatar masa. Magoya bayan Abba ba su taɓa yarda ba, kuma shekara huɗu suka yi suna jiran ranar ramuwa. A kan wannan aka ɗora wasu abubuwan: bidiyon dala da jaridar Daily Nigerian ta fitar a 2018, wanda gwamnan ya musanta, raba masarautar Kano da aka yi a 2019 aka ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020, da ƙorafin yanka filayen makarantu da na masallatan Idi da jikin badala ana gina shaguna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi shugaban ƙasa. Amma takardar farko da ta zo hannun mai fushi ita ce ta shugaban ƙasa, a kanta ya fara sauke abin da ke ransa.

APC kuma ta taimaka wa abokan hamayyarta da hannunta. Daga 2021 ta rabu gida biyu, ɓangaren gwamna da ɓangaren su Shekarau da Sanata Barau Jibrin, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar a Mayu 2022 ta bai wa ɓangaren gwamna. Barau ya sasanta ya zauna. Shekarau ya fita, haka Kawu Sumaila, haka Abdulmumin Jibrin Kofa, wanda kafin nan yana cikin na gaba-gaba wajen tallata Tinubu. Duk NNPP suka nufa. Wannan yana da tasiri kai tsaye, domin ranar 25 ga Fabrairu takarda uku ake bai wa mai zaɓe: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Ɗan takarar da ke neman kujerarsa a sabuwar jam'iyya ba zai tsaya yana koya wa tsohuwa ta dangwala nan a wannan takarda, can a waccan ba. Cewa zai yi kayan marmari daga sama har ƙasa. Haka Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya, wanda ke majalisar dattawa tun 2007, a Kano ta Kudu, kuma duk ƙuri'ar da ya jawo wa kansa ya jawo wa Kwankwaso irinta. A Kano ta Arewa, inda Barau ya riƙe kujerarsa, APC ta fi samun wurin tsayawa. A Kano ta Tsakiya ne aka ga ƙarfin alamar ƙarara: Shekarau ya bar NNPP zuwa PDP tun Agusta 2022, amma sunansa ya ci gaba da zama a takardun hukumar zaɓe, aka kuma bayyana shi a matsayin wanda ya ci kujerar da ya ce ba ya nema, sai daga baya Rufa'i Sani Hanga ya karɓe ta. Mutane kwando suka zaɓa, ba su duba sunan da ke bayansa ba.

Wanda ya fi kowa asara a wannan rana shi ne Atiku. A maƙwabta ya yi abin a zo a gani: ya ci Kaduna, ya ci Katsina mahaifar Buhari, ya ci Bauchi da Sakkwato da Kebbi da Yobe da Gombe. A waɗannan jihohi, mai zaɓen da ya gaji da APC, ko wanda ke son mulki ya zauna a Arewa, PDP ce kaɗai ƙofar da ke buɗe masa. A Kano akwai wata ƙofar. Atiku ya tashi da ƙasa da kashi takwas cikin ɗari a jihar da ta fi kowace jiha a Arewa yawan masu rajista. Shigowar Shekarau ba ta kawo abin da aka zata ba, jam'iyyar ma a jihar tana cikin shari'a kan wane ne ɗan takararta na gwamna tsakanin Sadiq Wali da Mohammed Abacha.

Daga nan ne zargin da ake yi wa Kwankwaso ya samo asali, cewa ya raba ƙuri'ar Arewa ya share wa Tinubu hanya. Ya kamata a auna wannan zargi da lissafi, ba da zafin rai ba. Tinubu ya samu 8,794,726 a ƙasa baki ɗaya, Atiku 6,984,520, tazarar 1,810,206. Da za a kwashe duk ƙuri'un Kwankwaso, na Kano da na wajen Kano, a zuba wa Atiku, zai kai 8,481,207, har yanzu da sauran fiye da dubu ɗari uku kafin ya kamo Tinubu. Kuma wannan zato ne da ba zai taɓa faruwa ba, domin an gwada a 2019. A shekarar Kwankwaso yana PDP, yana yi wa Atiku yaƙin neman zaɓe, amma mutanen da suka bai wa Abba fiye da miliyan ɗaya a zaɓen gwamna ba su bai wa Atiku ko dubu ɗari huɗu ba. Gaskiya ne a lokacin Buhari na kan takarda. Duk da haka abin yana nuna cewa jama'ar Kwankwaso tasa ce idan shi ne a takarda ko wanda ya tsayar a gida, ba kaya ba ce da zai ɗauka ya miƙa wa wani a Abuja. Abin da ya yi wa PDP babbar illa shi ne ficewar Obi da ƙuri'a miliyan shida daga yankunan da suka saba zaɓenta, da tawayen gwamnoninta biyar ƙarƙashin Nyesom Wike. Kano ta ƙara wa ciwon zafi, amma ba ita ta jawo shi ba. Haka ita ma maganar haɗewar NNPP da Labour, wadda ta watse a tsakiyar 2022 kan wa zai yi wa wani mataimaki, ba ta da tabbacin da masu kewarta suke ba ta. Ƙuri'un Obi a Kano ba su kai dubu talatin ba, kaso mai tsoka daga Sabon Gari suka fito, kuma babu alamar cewa mai jar hula a Gezawa ko Wudil zai bi jagoransa zuwa takardar da jagoran ke matsayi na biyu.

Yanzu a juyo ga wanda ya zo na biyu, domin a nan ne, a ganina, Kano ta fi taɓa sakamakon ƙasa. An yi ta cewa Tinubu ya faɗi a Kano, kuma ya faɗi. Amma a duba jerin jihohin da suka fi ba shi ƙuri'a. Ta farko Legas ce, 572,606, inda Obi ya kayar da shi. Ta biyu Kano, 517,341. Ta uku Katsina, 482,283, inda Atiku ya kayar da shi. Duk ukun ya faɗi a cikinsu, kuma duk ukun sun fi kowace jihar da ya ci ba shi ƙuri'a, har da Oyo. Tazarar da ya bai wa Atiku a Kano kaɗai 385,625 ce, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na dukan tazarar da ta kai shi fadar shugaban ƙasa. Wannan rabin miliyan aikin gwamnati mai ci ne da shugabannin ƙananan hukumomi 44 da kansiloli, da ragowar masu biyayya ga Buhari, da waɗanda tikitin Musulmi biyu na Tinubu da Kashim Shettima ya gamsar, musamman bayan da wasu malamai suka fito suka goyi bayansa, da kuma masu ganin cewa bayan shekara takwas na ɗan Arewa adalci ne mulki ya koma Kudu, kamar yadda gwamnonin APC na Arewa suka tsaya a kai a Yuni 2022. Ganduje yana cikin waɗanda suka fara rungumar takarar Tinubu, kuma a Agusta 2023 ya zama shugaban APC na ƙasa. Barau ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa. A Abuja an fahimci darajar ƙuri'un nan sarai.

Dalilin da ya sa na biyu ke da wannan daraja yana cikin tsarin mulki. A Najeriya cin jiha ba ya bai wa mutum jihar dungurungum kamar yadda ake yi a yawancin jihohin Amurka. Kowace ƙuri'a tana shiga babban tuli na ƙasa. Sashe na 134 kuma ya ce bayan rinjaye, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Tinubu ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari a Kano, ta shiga lissafinsa. Atiku da Obi ba su samu ba.

Wannan ba shi ne karon farko da ƙuri'un na biyu a Kano suka shiga tarihin kujerar shugaban ƙasa ba. A zaɓen 11 ga Agusta 1979, lokacin jihohi 19 ne kuma Jigawa tana cikin Kano, Malam Aminu Kano na PRP ya lashe jihar da kusan kashi uku cikin huɗu, kuma ita kaɗai ya ci, kamar dai Kwankwaso bayan shekara 44. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a ta goma sha uku kuwa, wato Kano, ya tsaya a kashi 19.94. Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa kashi biyu cikin uku na 19 sai a cika shi 13, tunda ba a gutsura jiha, don haka Shagari bai cika sharaɗi ba, sai an je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake buƙata a Kano shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na biyu bisa ukun ƙuri'unta, wato kashi ɗaya cikin shida, Shagari kuwa ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Atanda Fatayi-Williams ta yarda da wannan lissafi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Talakawan da suka bi Malam Aminu sun ci jiharsu, sun kuma samu Abubakar Rimi a gidan gwamnati, amma 'yan tsirarun da suka zaɓi NPN su ne suka rufe maganar shugaban ƙasa. Kano tana da tsohuwar al'ada, tun daga NEPU a 1950, ta gina jam'iyyarta ta gida ta tsaya a kanta ko da sauran Arewa sun nufi wani wuri. Al'ada ce mai daraja, ita ta sa talakan Kano ya fi na wurare da yawa sanin cewa ƙuri'arsa tasa ce. Amma tana da farashi, kuma sau biyu ke nan ana biyansa iri ɗaya: rinjayen jihar ya tafi ga wanda ba zai kai ko'ina a ƙasa ba, ƙarfin faɗa a ji a tarayya ya koma hannun waɗanda aka kayar a gida.

Ban ɗauka masu jar hula ba su san haka ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka yi tsammanin jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya za ta ci Najeriya. Abin da suke nema shi ne su nuna ƙarfi kafin zaɓen gwamna, kuma sun nuna. Sai dai zaɓen na Maris ya fito da wani abu da ba a cika magana a kai ba. NNPP ta ƙaru da ƙuri'a 22,323 kacal tsakanin zaɓukan biyu. APC kuwa ta tashi daga 517,341 zuwa 890,705 da Nasiru Yusuf Gawuna ya samu, ƙarin fiye da dubu ɗari uku da saba'in cikin mako uku. PDP ta narke, ba ta kai dubu ashirin ba. Ma'ana akwai dubban ɗaruruwan mutanen da ba 'yan Kwankwasiyya ba ne, waɗanda a Fabrairu ko dai Atiku suka zaɓa ko suka zauna a gida, amma da aka zo kan kujerar gidan gwamnatin Kano suka fito. Jam'iyyu biyu kaɗai a zaɓen gwamna sun tara ƙuri'a miliyan 1.9, sama da abin da jam'iyyu 18 suka tara a na shugaban ƙasa da kusan dubu ɗari biyu. Ita kanta kujerar sai da aka kai Kotun Ƙoli, bayan kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 na Abba a Satumba 2023, kafin a tabbatar masa ranar 12 ga Janairu 2024.

Akwai wata jama'a da ta fi duk waɗanda aka lissafa yawa, kuma ita ce ta fi damuna. Masu rajistar zaɓe a Kano a 2023 su 5,921,370 ne, Legas kaɗai ta fi ta. Ƙuri'un da aka ƙirga a zaɓen shugaban ƙasa kimanin miliyan 1.7 ne. Cikin kowane mutum goma da ke cikin rajista, bakwai ba su je ba. Wanda ya ci jihar da gagarumin rinjaye bai samu ko kashi ɗaya cikin biyar na masu rajista ba. Kuma abin yana ta raguwa ne: fiye da miliyan 2.1 a 2015, kusan miliyan 1.9 a 2019, miliyan 1.7 a 2023, alhali rajistar ƙaruwa take yi kowane zagaye.

Wani ɓangare na raguwar yana da bayani mai kyau. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da damar amfani da na'urar BVAS mai tantance mutum da yatsa ko da fuska, ta toshe hanyar cike takardar da ake bi a da idan na'ura ta ƙi aiki, don haka aringizon ƙuri'a ya yi wuya. Rajistar kuma ba a tsabtace ta sosai ba, akwai mamata da waɗanda suka bar gari. Amma duk wanda ya ga Kano a watan Fabrairun 2023 ya san akwai wani dalilin. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. A garin da cinikin kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau da Kurmi yake tafiya da tsabar kuɗi, mutane suka kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira, ga kuma layin mai. Gwamnatin jihar da kanta tana cikin waɗanda suka kai gwamnatin tarayya ta jam'iyyarsu Kotun Ƙoli kan lamarin, hukuncin bai fito ba sai 3 ga Maris, bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa. Ɗan kasuwar da ya yi rajista a ƙauyensu yana zaune a birni sai ya samu kuɗin mota a hannu kafin ya je. An ce manufar canjin kuɗin hana sayen ƙuri'a ce, sai masu saye suka koma taliya da sabulu da atamfa, wanda ba shi da niyyar sayarwa kuma ya rasa na zuwa rumfa. A wasu wuraren kayan zaɓe sun makara, a Tudun Wada kuwa rikici ya ɓarke wajen tattara sakamako, aka ƙona ofishin NNPP, aka rasa rayuka. Matar da ta ji labarin Gama a 2019 ta kuma ga 'yan daba suna yawo a unguwa daren zaɓe, idan ta hana 'ya'yanta fita, babu mai ganin laifinta. Kano tana da rumfunan zaɓe 11,222. Idan aka raba ƙuri'un da aka kaɗa a kansu, kowace rumfa ta samu kimanin mutum 150, daga cikin fiye da 500 da sunayensu ke manne a bango.